Zanen Aro a Valparaíso

Ƙarfe uku na dare a Valparaíso,
gidaje sun rataye a jikin tudu kamar shanyar da aka manta,
ni kuwa ina ɗakin bincike, hawa na huɗu,
da gahawar da ta huce, da allon da ya ƙi magana.

Ban gina manhaja ba, ɗinki na yi.
Taswira na aro wurin wani kamfani a ƙetare,
iska wurin masu duba yanayi,
cikar teku da janyewarsa daga ofishin tashar jiragen ruwa,
farashin kifi daga wata mata mai sa shi a intanet
ran da ta tuna.
Ƙyalle huɗu, zare ɗaya, layi sittin.
Farfesa Urrutia ya ce, Ximena, sauƙin shi ne abin.
Na ce to.

Sauƙi kuwa, irin na ɗiban ruwa da matankaɗi.
Wannan yana auna iska da kilomita,
wancan da ma'aunin matuƙa jirgi.
Ɗaya agogonsa na London ne, ɗaya na nan,
watan da muka tura agogo gaba
sai teku ya cika a allona
awa guda kafin ya cika a gaɓa.
Kowa ya faɗi gaskiya da yarensa,
ni da na tsaya tafinta, ni na yi ƙarya.

Daren jiya masu iska suka sauya sunan gurbi ɗaya.
Ba wasiƙa, ba sallama.
Rijiya ta bayar, guga ya hana.
Shafina ya leƙa bai ga komai ba,
sai ya rubuta sifili,
sifili kuwa a bakin teku
yana nufin lafiya lau, fita.

Na sauko a guje, matakala ɗari biyu da 'yan kai,
karnukan titi na rakiyata,
har Caleta Portales, takalmi ɗaya a kwance.
Kwalekwalen Don Eleuterio na kife a kan yashi.
Shi yana zaune yana ɗinkin raga,
igiyar ruwa na marin duwatsu a bayansa.
Ya ce, wayar ta ce in fita,
gwiwata ta ce in zauna.
Gwiwar ta girmi wayar da shekara sittin da takwas.

Da ya fita fa?
Wuyan wa za a kama?
Mai iska zai ce lamba ya bayar, bai yi alkawari ba.
Mai taswira bai ma san da zamanmu ba.
Babi na biyar na kundina yana ɗauke da wannan tambaya
da shafi goma sha ɗaya na kewaye-kewaye.
Zanen aro ba ya rufe katara,
ni kuma da shi na ɗinka wa mutum rigar shiga ruwa.

Abin da muke nema, in ji takardar neman tallafinmu,
shi ne mutum irinsa, wanda bai jin harshen na'ura,
ya jawo wannan, ya jona da wancan,
ya haɗa nasa da yatsa ɗaya.
Na miƙa masa wayar, na nuna masa guntayen.
Yatsan duk kanta,
gilashin bai ji shi ba sai a karo na uku.
Ya ture taswirar gefe.
Ya ce, na san inda teku yake.
Farashin kifi ya ƙara masa girma.
A kan iska ya tsaya, ya daɗe.
Ya ce, wannan, in bai sani ba,
zai iya cewa bai sani ba?

Na ce ban koya masa ba tukuna.
Ya ciji zaren, ya tofar,
ya ce, ɗana ma sai da ya kai talatin.

Na hau tudu gari na wayewa,
gishiri a leɓena, yashi a safa.
Na goge sifilin.
Na rubuta kalma uku a gurbinsa: ban sani ba.
Layi sittin da ɗaya ke nan.
Matar nan mai farashin kifi
har yanzu ba ta tashi ba.